Idan Majalisa Ta Zauna Shari'ar 'Ya'yanta, Ina Ikonta Ya Tsaya?

A ƙarshen Satumban 2016 Majalisar Wakilan Najeriya ta dakatar da Abdulmumin Jibrin, mai wakiltar Kiru da Bebeji, har tsawon kwana 180 na zaman majalisa. Shi ne ya fito ya zargi shugabannin majalisar da cusa aringizo a kasafin kuɗin wannan shekara. Sai ga shi shi ne ya tsinci kansa a gaban kwamitin ɗa'a, aka same shi da laifin zubar da ƙimar majalisa, aka garƙame ofishinsa. Bai ƙara taka zauren ba sai a Maris ɗin 2018. Bayan wata biyu da komawarsa, Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa doka tun daga tushe. Ya ci shari'a kenan. Amma kusan shekara ɗaya da rabi da mutanen mazaɓarsa suka yi ba su da mai magana da yawunsu a zauren, wannan babu alƙalin da zai iya mayar musu da ita.

Ba na nan don in tantance ko Jibrin na da gaskiya a zarginsa. Abin da ya dame ni ya fi shi girma, kuma ya girmi majalisar da ta hukunta shi da ƙarnoni: idan ɗan majalisa ya yi abin da ake ganin laifi ne, wane ne zai bincike shi, kuma in abokan zamansa ne, har ina hannunsu zai kai?

Mu fara da ba majalisa haƙƙinta, domin tana da shi. Babu wata majalisa da za ta iya aiki idan ba ta da ikon tsawata wa 'ya'yanta. Mutum ɗari ko ɗari uku ne a ɗaki guda, kowa da jam'iyyarsa, kowa da bakinsa. In babu mai cewa wane zauna, wane fita, to an tashi daga majalisa an koma kasuwa. Shi ya sa sashe na 60 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Majalisar Dattawa da ta Wakilai ikon tsara yadda za su gudanar da zamansu, sashe na 101 kuma ya ba majalisun jihohi irinsa. Kundin Amurka ya ma fi fitowa fili. Ya ce kowace majalisa tana iya hukunta ɗanta a kan rashin ɗa'a, kuma da kashi biyu bisa uku na ƙuri'u tana iya korarsa ɗungurungum.

Akwai kuma dalilin tarihi, wanda mutane kan manta. Wannan iko bai samo asali daga son kai ba, daga tsoro ya fito. A Janairun 1642 Sarki Charles na Ɗaya na Ingila ya kutsa cikin zauren majalisa da dakarunsa don ya kama wakilai biyar da suka dame shi. Ya tarar sun sulale. A wancan zamani alƙalai na sarki ne, shi ke naɗawa shi ke tuɓewa, don haka cewa a kai ɗan majalisa kotu daidai yake da cewa a miƙa shi fada. Da aka zo rubuta dokar 'yanci ta 1689, sai aka sa a sashenta na 9 cewa maganar da aka yi a majalisa da ayyukan da aka gudanar a cikinta ba a tuhumarsu a wata kotu ko wani wuri a waje. To in kotu ba za ta taɓa ɗan majalisa a kan abin da ya yi a zaure ba, dole wani ya taɓa shi, kuma babu wanda ya rage sai majalisar kanta. Kariyar da ikon ladabtarwar tagwaye ne, ciki ɗaya ya haife su.

Ingila ta riƙe wannan da ƙarfi. A 1884 Charles Bradlaugh, wanda mutanen Northampton suka zaɓa amma majalisa ta hana shi rantsuwa saboda bai yarda da addini ba, ya kai ƙara. Kotu ta ce ko da majalisa ta yi wa doka gurguwar fahimta a harkarta ta cikin gida, ba hurumin alƙali ba ne ya gyara mata. Lauyoyin majalisu a ƙasashen da Birtaniya ta raina har gobe suna ɗauko wannan hukunci duk lokacin da aka maka su a kotu. Abin da ba sa son a tuna shi ne Birtaniya ba ta da rubutaccen kundi guda da ya fi majalisa ƙarfi. Najeriya na da shi, Indiya na da shi, haka Afirka ta Kudu da Amurka. A Najeriya sashe na 1 ya ce kundi ne ke sama da kowa, sashe na 4 kuma ya ajiye ikon majalisa a ƙarƙashin sa idon kotuna. Daga nan iyakokin suke farawa.

Kuskuren da na fi yawan ji a bakin masu sharhi shi ne jingina binciken ɗan majalisa da sashe na 88. Gaskiya ne wannan sashe ya ba majalisa ikon bincike, na 89 kuma ya ba ta ikon aika sammaci da karɓar shaida bisa rantsuwa. Sai dai sashen da kansa ya ɗaure ikon da igiya biyu: a yi binciken don yin doka ko gyara wadda ake da ita, ko kuma don bankaɗo cin hanci, sakaci da almubazzaranci wajen aiwatar da dokoki da kashe kuɗin da majalisa ta ware. Fuskarsa tana kallon waje ne, wajen ma'aikatu da hukumomi. Tun a jamhuriya ta biyu, lokacin da Majalisar Dattawa ta kira Tony Momoh, editan Daily Times, kotu ta fayyace cewa irin wannan sashe bai ba majalisa lasisin kiran duk wanda ta ga dama don ya ɓata mata rai ba. Kotun Ƙolin Amurka ma ta faɗi makamancin haka a shari'ar Watkins a 1957, cewa majalisa ba ta da ikon fallasa mutum don fallasar kawai. Saboda haka idan majalisa ta juyo kan ɗanta, ƙafar da take tsaye a kai ita ce dokokin zamanta na cikin gida da kuma dokar iko da alfarmar majalisu. Waɗannan kuwa duk suna ƙasa da kundi. Ba su isa su ba ta abin da kundi ya hana ta ba.

Abu na farko da kundi ya hana ta shi ne zama kotun manyan laifuka. Kwamitin ɗa'a na iya tambaya, ya tara takardu, ya rubuta rahoto, ya ce wane ya zubar mana da mutunci. Ba zai iya cewa wane ɓarawo ne a idon doka ba, balle ya ɗaure shi. Sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma da aikata laifi, kotu ce za ta saurare shi. Kotun Ƙoli ta jaddada haka a 1986 a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, inda ta ce kwamitin jami'a ba shi da hurumin samun ɗalibai da laifin ƙone-ƙone da sata. Shari'ar Farouk Lawan ta nuna yadda rabon aikin yake a aikace. A 2012, yana shugabantar kwamitin binciken tallafin man fetur, aka zarge shi da karɓar dala 500,000 daga hannun Femi Otedola. Abin da majalisa ta iya yi shi ne ta sauke shi daga shugabancin kwamiti ta tura batun ga kwamitin ɗa'a. Ɗaurin kuwa daga kotu ya zo: shekara 7 a 2021, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rage zuwa 5, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Janairun 2024. Shekara goma sha biyu kenan tsakanin zargi da hukuncin ƙarshe, wanda shi ma abin magana ne na wata rana.

Wannan iyaka tana da wata fuskar da 'yan majalisa ba su cika so ba. In majalisa ba kotu ba ce, to ba ta kuma zama mafaka daga kotu. Rigar kariyar da ke sashe na 308 ta shugaban ƙasa da mataimakinsa ce, da gwamnoni da mataimakansu. Ɗan majalisa ba ya ciki. Abin da yake da shi kariya ce a kan maganar da ya yi a zaure ko a kwamiti. A Birtaniya, bayan badaƙalar kuɗin alawus ta 2009, wakilai uku, David Chaytor, Elliot Morley da Jim Devine, sun yi ƙoƙarin fakewa da dokar 1689, suka ce takardun neman alawus harkar majalisa ce, majalisa kaɗai za ta bincika. Kotun Ƙoli ta yi watsi da wannan a 2010, kuma dukansu uku sun sha ɗauri. Amurka ta riga ta yanke tun 1972, a shari'ar Sanata Daniel Brewster, cewa karɓar toshiyar baki ba aikin majalisa ba ne. Indiya ce ta daɗe a karkace. A 1998 kotunta ta ƙoli ta ce wakilin da ya karɓi kuɗi kuma ya kaɗa ƙuri'ar da aka saya yana da kariya, abin da ya sa wanda ya cika alkawarin cin hanci ya fi wanda ya saɓa tsira. Sai a Maris ɗin 2024 alƙalai bakwai suka zauna suka rushe wannan hukunci.

Ko a nan ma ba a rasa sarƙaƙiya. A 2005 jami'an FBI sun sami dala 90,000 a cikin firjin gidan William Jefferson, ɗan majalisar wakilan Amurka daga Louisiana. Da suka shiga ofishinsa na majalisa a 2006, shugabannin jam'iyyun biyu suka haɗa baki suka yi tir da abin, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ce yadda jami'an suka duba takardunsa na aikin majalisa ya keta kariya. Duk da haka an same shi da laifi a 2009. Kariyar ta tsare takardun aiki, ba ta tsare firji ba.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. Kujerar da ɗan majalisa ke zaune a kai ta wace ce? Idan ma'aikata ta dakatar da ma'aikacinta, tsakaninsu ne, ita ta ɗauke shi aiki. Majalisa ba ita ta ɗauki ɗan majalisa ba. Shugaban Majalisar Dattawa sanata ne kamar sauran 108, mazaɓa guda ce ta turo shi, abokansa suka ɗora shi a gaba. Duk ranar da aka hana wakili shiga zaure, an rufe bakin dubban ɗaruruwan mutanen da ba su yi laifin komai ba, ba a kuma kira su sun kare kansu ba.

Wannan rigima tsohuwa ce. A 1769 majalisar Birtaniya ta kori John Wilkes, mutanen Middlesex suka sake zaɓarsa, aka sake korarsa, suka sake dawo da shi. A zagaye na ƙarshe ya sami ƙuri'a 1,143, abokin takararsa Henry Luttrell ya sami 296, majalisa ta ce Luttrell ne zai zauna. Sai a 1782 ta goge wannan ƙuduri daga kundin tarihinta, ta amsa cewa ya tauye haƙƙin masu zaɓe. Shekara ɗari biyu bayan rikicin Wilkes aka maimaita kusan irinsa a Amurka. A 1967 Majalisar Wakilai ta hana Adam Clayton Powell na unguwar Harlem zama a kujerarsa bisa zargin facaka da kuɗin kwamiti. Mutanensa suka sake zaɓarsa. A 1969 Kotun Ƙoli ta ce sharuɗɗan zama wakili uku ne a kundi, shekaru, zama ɗan ƙasa da zama a jihar da ake wakilta, kuma majalisa ba ta isa ta ƙara na huɗu ba. In tana son ta rabu da shi, ta rantsar da shi tukuna, sannan ta nemi kashi biyu bisa uku ta kore shi. Wannan shinge na kashi biyu bisa uku ba ƙaramin aiki yake yi ba. A duk tarihinta Majalisar Wakilan Amurka mutum shida kacal ta kora, uku a lokacin yaƙin basasa, na baya-bayan nan George Santos a Disambar 2023 da ƙuri'a 311 a kan 114.

Kundin Najeriya bai ma ba majalisa ikon kora ba sam. Sashe na 68 ya lissafa hanyoyin da kujera ke zama babu kowa, daga ciki akwai sauya sheƙa ba tare da jam'iyya ta dare ba, da fashin zama, da kiranye. Babu inda ya ce ko abokan aiki sun gaji da kai. Da yake ƙofar kora a rufe take, sai majalisunmu suka gano taga, wato dakatarwa mai tsawo. Lissafin nan kuwa ya kamata kowa ya yi shi da kansa. Sashe na 63 ya ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Sashe na 68 ya ce wakilin da ya yi fashin fiye da kashi ɗaya bisa uku na kwanakin zama a shekara ba tare da uzuri ba, ya rasa kujerarsa. Ma'ana, a idon kundi barin mazaɓa ba wakili na kwana sittin da ɗoriya babban abu ne da ya isa a nemo wani. To yaya majalisa za ta ɗauki kwana 180, shekarar zama guda cur, ta kira shi ladabtarwa? Kotun Ƙolin Indiya ta bi irin wannan hanyar tunani a Janairun 2022, da ta soke dakatarwar shekara guda da majalisar jihar Maharashtra ta yi wa wakilai 12. Ta lura cewa irin wannan dakatarwa ta fi kora muni, domin in an kori mutum ana sake zaɓe mazaɓa ta sami sabon wakili, in an dakatar da shi kuwa kujera na nan a sunansa, ba shi ba wani.

Kotunan Najeriya sun sha faɗar haka. A 2010 kotu ta soke dakatarwar da aka yi wa Dino Melaye da abokansa a zamanin da Dimeji Bankole ke shugabantar Majalisar Wakilai. A 2012 majalisar jihar Bauchi ta dakatar da Rifkatu Danna mai wakiltar Bogoro har sai abin da hali ya yi, saboda ta ƙi amincewa da ɗauke hedikwatar ƙaramar hukumar Tafawa Ɓalewa. Babbar kotu ta ba ta gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar, tana mai cewa alaƙar wakili da majalisa ba irin ta bara da ubangida ba ce. A Maris ɗin 2017 Majalisar Dattawa ta dakatar da Ali Ndume na wata shida, don ya miƙe ya nemi a binciki wasu zarge-zarge da jaridu suka buga a kan shugaban majalisar Bukola Saraki da Dino Melaye. (Wanda kotu ta ceto a 2010 shi ne ake karewa a 2017, haka siyasa take juyawa.) Kotu ta soke dakatarwar a watan Nuwamba, lokacin da wa'adin ya riga ya zo ƙarshe. A Afrilun 2018 aka ba Sanata Ovie Omo-Agege kwana 90 na zama, kwanaki kaɗan bayan nan wasu suka kutsa zauren suka yi awon gaba da sandar majalisa, a watan Mayu kuma Mai Shari'a Nnamdi Dimgba ya ce dokar zaman majalisar kanta kwana 14 ta yarje, kuma ba a hukunta mutum don ya kai ƙara kotu.

Duk da wannan jerin hukunce-hukunce, a Maris ɗin 2024 aka dakatar da Sanata Abdul Ningi na wata uku bayan hirarsa da BBC Hausa a kan kasafin kuɗi. A Maris ɗin 2025 kuma aka ba Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya wata shida. Majalisa ta ce laifinta rashin ɗa'a ne a rikicin sauya mata kujera. Ita ta ce ramuwar gayya ce a kan zargin cin zarafi da ta yi wa shugaban majalisar Godswill Akpabio, wanda ya musanta. A watan Yuli Mai Shari'a Binta Nyako ta ce wata shida ya wuce kima, ta kuma ci ita sanatar tarar naira miliyan 5 bisa raina kotu, daga nan ɓangarorin suka wuce kotu ta gaba. Ba ta koma kujerarta ba sai bayan wata shidan sun cika.

In ka dubi sunayen nan da kyau za ka ga abin da ya haɗa mafi yawansu. Ba mutanen da aka kama da hannu dumu-dumu ba ne, mutanen da suka yi magana ne. An bar jaki ana bugun taiki. Kuma wannan ya juya asalin kariyar majalisa a kanta, domin an ƙirƙire ta ne don wakili ya faɗi abin da ke bakinsa ba tsoro. Afirka ta Kudu ta fuskanci wannan tun dimokuraɗiyyarta na jaririya. A 1997 Patricia de Lille ta ambaci sunayen wasu manyan jam'iyyar ANC a zaure, ta ce ana zargin sun yi wa gwamnatin wariyar launin fata leƙen asiri. Kwamitin da 'yan ANC suka fi yawa a cikinsa ya ba da shawara, aka dakatar da ita kwana 15. A 1999 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta soke hukuncin, ta bambance tsakanin fitar da wakili don a samu a ci gaba da zama, da kuma azabtar da shi a kan maganar da kundi ya ba shi 'yancin yi.

Shari'ar de Lille ta taɓo wani ciwo da babu majalisar da ta warke daga gare shi. Ƙa'ida ce da kowane ɗalibin lauya ya haddace, cewa mutum ba ya alƙalanci a shari'ar da yake da hannu a ciki, kuma ba a yanke wa mutum hukunci ba a ji ta bakinsa ba. A majalisa kuwa, wanda aka zarga shi ne ya naɗa 'yan kwamitin ɗa'a, shi ne ya tura musu batun, shi ne ke riƙe da guduma ranar da aka kawo rahoto, shi ne kuma zai ce masu "eh" sun fi masu "a'a" ƙarfin murya. Ko da mutumin waliyyi ne, tsarin bai yi kama da adalci ba. Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yi hukunci a kan haka a 2016, a ƙarar wasu wakilan adawa na Hungari da aka ci tara don sun ɗaga kwalaye a zaure. Ba ta ce majalisa ba ta da ikon cin tara ba. Ta ce an ci su ba tare da an ba su damar kare kansu ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya ɓata hukuncin.

Kada a ɗauka ina cewa a kwashe komai a kai wa alƙalai. Wannan ma da hatsarinsa. In kowane wakilin da aka ce ya zauna zai ruga ya karɓo odar kotu, guduma ta koma hannun alƙali, kuma mun sha ganin yadda odar wucin gadi ke zama makamin siyasa. Akwai wuraren da majalisa ce kaɗai ke da ta cewa, kuma ya kamata a bar mata. Shugabancinta nata ne. Sashe na 50 ya ba ta ikon tsige shugabanta da kashi biyu bisa uku. Chuba Okadigbo ya faɗi daga shugabancin Majalisar Dattawa a 2000 bayan rahoton kwamitin Idris Kuta. Patricia Etteh ta ajiye shugabancin Majalisar Wakilai a Oktoban 2007 bayan binciken kwangilar naira miliyan 628 ta gyaran gidaje da sayen motoci. Dukansu sun rasa guduma, amma sun ci gaba da zama a kujerunsu na wakilci, mazaɓunsu ba su rasa komai ba. Haka cire mutum daga kwamiti, ko tsawata masa a bainar jama'a, ko fitar da shi na 'yan kwanaki in ya hana zama. Matsayin da Kotun Ƙolin Indiya ta ɗauka a 2007, bayan an kori wakilai 11 da kyamarar ɓoye ta kama suna karɓar kuɗi don yin tambayoyi a zaure, shi ne ya fi kwanta mini a rai. Ta bar korar, amma ta ce ƙofarta a buɗe take in majalisa ta keta kundi ko ta tafka haramci bayyananne. Ƙananan kurakuran tsari kuwa ba ruwanta.

Akwai kuma ɓarna ta ɗaya gefen, wadda ba ta zuwa kotu domin babu mai kai ƙara. Ita ce binciken da ake yi don a wanke. Wanzami ba ya son jarfa. A Oktoban 2021 kwamitin ɗa'a na majalisar Birtaniya ya ba da shawarar a dakatar da Owen Paterson kwana 30 saboda ya yi wa kamfanonin da ke biyansa kamun ƙafa a wajen gwamnati. Jam'iyyarsa mai rinjaye ta kaɗa ƙuri'ar jingine hukuncin da kuma sake fasalin tsarin binciken baki ɗaya. Surutun jama'a ne ya sa gwamnati ta janye washegari, shi kuma ya yi murabus. Babu dokar da aka karya a wannan ƙuri'a. Doka na iya hana majalisa wuce gona da iri wajen hukunta ɗanta, amma da wuya ta tilasta mata hukunta wanda take son rufa wa asiri.

Shi ya sa wasu ƙasashe suka fara raba aikin gida biyu, binciko gaskiya a hannun wani na waje, yanke hukunci a hannun majalisa. Birtaniya ta naɗa kwamishinan ɗa'a wanda ba ɗan majalisa ba tun 1995, daga baya ta sa mutanen gari a cikin kwamitin da ke duba rahotonsa. Majalisar Wakilan Amurka ta kafa ofishi mai zaman kansa a 2008 da ke tace zarge-zarge kafin su isa kwamiti. Dabarar da ta fi burge ni ita ce dokar kiranye ta Birtaniya ta 2015. Idan aka dakatar da wakili kwana 10 na zama ko fiye bisa rahoton kwamitin ɗa'a, sai a buɗe rajista a mazaɓarsa har mako shida. In kashi 10 cikin 100 na masu zaɓe suka sa hannu, kujera ta faɗi, a sake zaɓe, shi ma yana iya tsayawa. Majalisa ta faɗi ra'ayinta, masu kujerar su yanke. A Yunin 2023 Boris Johnson, da ya ga daftarin rahoton kwamitin da ya same shi da yaudarar majalisa, ajiye kujerarsa ya yi tun kafin a kai ga wannan mataki. Da ya tsaya, kwana 90 kwamitin ya ce ya cancanta.

A Najeriya hanyar kiranye tana nan a sashe na 69, sai dai an gina ta da katanga mai tsawo. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. A ƙasar da a zaɓen 2023 waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin 100 ba, neman sa hannun fiye da rabi kusan neman abin da ba zai yiwu ba ne. Yunƙurin yi wa Dino Melaye kiranye a 2018 ya mutu a matakin tantancewa, inda sa hannun da aka tabbatar bai wuce kashi biyar da 'yan kai ba. Na Natasha a 2025 INEC ta ce bai cika adadi ba. Tun 1999 babu ɗan majalisar tarayya ko ɗaya da mazaɓarsa ta iya dawo da shi gida ta wannan hanya, alhali ƙuri'ar murya ta minti biyu a zaure ta sha tura wakilai gida na watanni.